Akwatin Wutar Tsohon Babur: Rabin Kuɗin na Alkawari Ne

Yau maganarmu a kan wani ɗan kaya ce wanda bai fi kwalin taba girma ba, amma yakan haɗa mai saye da mai sayarwa rigima. Watau akwatin wuta da ake sa wa tsohon babur a madadin kwantak.

Baburan Ingila na da, irin su Triumph da BSA da Norton, da kwantak na kamfanin Lucas suka fito. Tsohon kamfanin BSA ya durƙushe a 1973, masana'antar Triumph ta Meriden kuma ta rufe a 1983, amma baburan suna nan hannun masu sha'awa, ana cinikinsu da tsada. To, shi kwantak cinyewa yake yi, kullum sai an goge shi an daidaita bakinsa. Saboda haka wasu kamfanoni suka shiga ƙera akwatin da zai ɗauke wannan wahala: Boyer Bransden a Ingila, Pazon a Niyu Zilan, Tri-Spark a Ostareliya. Lucas ma ta yi nata mai suna Rita a shekarun 1970, amma tuni an daina yinsa.

Ba mu musun amfanin akwatin nan. Ba abin da ke gogar wani a cikinsa, in an daidaita shi sau ɗaya shi ke nan, babur ya riƙa tashi da wuri. Amma fa ga inda gizo ke saƙa. Kwantak in ya ƙi a hanya, bakanike da sukundireba da 'yar sanfefa sai ya tashe shi. Akwati kuwa a like yake, ba a buɗe shi, in ya mutu ya mutu. Ke nan wanda ya saye shi ba shi da kowa sai wanda ya sayar masa. Don haka muke cewa rabin kuɗin na kaya ne, rabi na alkawari.

Sa'an nan da yawa daga akwatunan da ake maidowa lafiyarsu lau, bayani ne ba a yi wa mai saye ba. Yawancin baburan Ingilan nan wayar fozitif ce ke haɗe da jikin babur, saɓanin na Japan, in aka juya waya ana iya ƙone akwatin nan take. Na kafin tsakiyar shekarun 1960 galibi bolt 6 ne, na bayansu 12. Babur mai silinda biyu kuma sau da yawa kwayil biyu masu bolt 6 ake jera masa. Uwa uba batir. Wasu tsofaffin samfurori in batir ya yi sanyi sai su ba da wuta kafin lokaci, kik ya dawo ya bugi ƙafar mutum. Norton Commando na 1975 mai sitata ya sha wannan, don sitata tana janye wuta, bugun ya lalata kayan sitatar. Wa ya kamata ya faɗi duk wannan? Mai sayarwa mana!

Abin da muke kira gare shi ke nan. Kada ɗan kasuwa ya miƙa akwati sai ya tambayi irin babur da shekararsa da halin batirinsa. Ya ba da takardar haɗin waya. Ya rubuta tsawon garanti a rasit, ba da fatar baki ba. Ya ajiye wani akwatin na gwaji, domin a gane mai laifi, akwati ne ko waya. Kafin ya saro kuma, ya tabbata kamfanin yana amsa wasiƙa, yana karɓar abin da ya lalace. Dillali shi ma kada ya karɓi la'ada ya ɓace.

Masu saye, araha ba ta ado. Akwatin da ba suna ba adireshi, ku bar shi ko nawa aka rage. Kuma kada ku yar da tsohon kwantak, ku ƙulle shi cikin kayan gyara.

Wannan magana ta shafi masu sayar da si-di-ai a kasuwanninmu ma. Wanda ya tsaya wa kayansa bayan ciniki, shi ake koma wa gobe. Allah ya ba da kasuwa. Wassalam.