Waiwaye: Ba Ni Gishiri In Ba Ka Manda

Yau in aka ce "ba ni gishiri in ba ka manda", hankalin mutane kan tafi ga 'yan siyasa, wato rufa mini asiri in rufa maka. Wannan yana yi mini ciwo, domin asalin maganar sunan ciniki ne na halal, wanda babu wuri babu kwabo a cikinsa.

Manda ita ma gishiri ce, baƙa-baƙa, wadda ake tacewa a dafa a ƙasar Manga, gabas da Damagaram. Ana ba dabbobi, ana sa ta cikin magani, farin gishiri kuwa na miya ne. Mai wannan yana bukatar wancan, sai kowa ya miƙa abin da ya yi masa yawa, ya karɓi wanda ya rasa. Haka Abzinawa ke ɗora gero a raƙuma su kai Bilma, su dawo da kantun gishiri da dabino.

A Danchadi da ƙauyukan Boɗinga da Shagari kuwa, mata ne suka riƙe wannan ciniki, wanda ake kira furfure. Bafulatana za ta yi sallama da ƙwaryar nono a kai, ta sauke, ta buɗe faifai. Uwargida ta fito da gero a ƙoƙo, ita kuma ta ƙirga mata ludayi. "Inna, ƙara mini ɗaya mana, ai yara sun yi yawa." Sai a yi dariya, a ƙara. In damina ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa, a karɓi nonon, a biya da kaka. Ba takarda, ba shaida, sanin juna kawai, kuma wadda ta taɓa tsarma nono da ruwa ba za a sake buɗe mata rumbu ba. A ganina wannan amanar ce jarin, ba geron ba.

Mun ga amfaninta a Fabrairun 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a. Mai dubbai a banki ya yini a layi ya dawo hannu wofi. A karkara, inda ba banki ba mai POS a kusa, wasu suka koma auna hatsi su karɓi mai da kayan miya, kuma wanda aka san shi da cika alkawari shi ne aka yarda a ba shi kaya kafin ya kawo nasa.