Gobara ba takardar izinin rusau ba ce

A daren 5 ga Agustan 2023 wuta ta cinye Crooked House, wani tsohon gini a ƙauyen Himley na yankin Staffordshire a Ingila. An gina shi a 1765 a matsayin gidan gona, daga baya ya zama mashaya. Haƙar ma'adinai a ƙarƙashinsa ce ta sa gefe guda ya nutse da fiye da mita ɗaya, har ya karkace, mutane na tururuwar zuwa kallo.

Kwana biyu kacal bayan gobarar, katafila ta baje shi, alhali hukumar yankin ta amince ne a sauke wani sashe na saman bene kawai don gudun haɗari. Wannan gaggawa ba ta da hujja. Bangon da wuta ta lasa sau da yawa yakan tsaya idan an tokare shi, kuma injiniya ne ya kamata ya yanke hukunci, ba mai ginin shi kaɗai ba.

A Fabrairun 2024 hukumar ta umarci masu ginin su sake gina shi cikin shekara uku, suka ɗaukaka ƙara. Umarnin ya yi daidai. An taɓa yin haka a Landan: mashayar Carlton Tavern, da aka rusa ba izini a 2015, an tilasta sake gina ta, ta buɗe a 2021.