Issaka Issaka

Kadri Abdou, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, ɗan kokawar gargajiya ne daga jihar Dosso a Jamhuriyar Nijar. Ya lashe takobin ƙasa sau 6, adadin da babu wani ɗan kokawa da ya kai kafin shi.

Gasar Takobi

An fara gasar a Tahoua a shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, kuma Yacouba Ango Kantou na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin. Jihohin ƙasar 8 ne ke karɓar baƙuncinta bi da bi, kowace tana zuwa da 'yan kokawa 10. Wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman sarauta, ko da ya ci gaba da karawa. Shi ya sa riƙe takobi shekaru a jere ke da wuya: zamewar ƙafa ɗaya ta isa ta rushe shirin shekara guda.

Nasarori da faɗuwa

A gasa ta 43 a Diffa, Issaka ya kayar da Sabo Abdoulaye na Yamai, ya ɗauki takobinsa na 5. A watan Disamban 2023 a Agadez ya yi galaba a kan Aibo Hassan na Maraɗi, ya cika na 6. 

Gasa ta 45, a Disamban 2024, ta zo masa har gida, a filin kokawa na Salma Ɗan Rani da ke Dosso. Ya kai wasan ƙarshe kamar yadda ya saba, amma Abba Ibro na Yamai ya kayar da shi a gaban mutanensa. Faɗuwar ta yi wa Dosso ciwo, sai dai ta yi wa gasar amfani, domin ta dawo da zullumin da ke tara jama'a a gindin rediyo. Masu sauraro ba a Nijar kaɗai suke ba. A ƙasar Kabi da kudancin Sakkwato, irin su Dogon Daji, Tambuwal da Kebbe, kokawar bayan girbi tsohuwar al'ada ce, kuma sunayen zakarun Nijar ba baƙi ba ne.

Bayan takobi

Abin da tarihin Issaka ya fito da shi fili shi ne rashin wani mataki na gaba. Mongoliya ma tana da kokawar gargajiya da ake yi a bikin Naadam, amma ta shigar da zakarunta kokawar zamani. A gasar Olamfik ta 1968 a Meziko ta samu lambobi 4, dukkansu a kokawa, ciki har da azurfar Jigjidiin Mönkhbat, wanda shi ma zakaran gargajiya ne. Nijar kuwa lambobinta na Olamfik 2 ne: tagulla a dambe a 1972 da azurfa a taekwondo a 2016. Babu ko ɗaya a wasan da ta fi ƙauna.

Ficewar Nijar daga ECOWAS a watan Janairun 2025 ta ƙara taƙaita fagen, domin gasar kokawar ƙungiyar ce babban wurin da 'yan Nijar ke gwada ƙarfi da 'yan Senegal da Najeriya.