Nasiha ga fatake a kan rubuta lissafi tun da wuri

Ya ku malamai da almajirai na Jega da Aliero da Maiyama, ku isar da wannan ga fatakenmu.

Ku sani, aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. To, ƙaƙa mutum zai sayi albasa a Aliero, ya zuba a rumbu, ya loda mota zuwa Ikko, lissafi duka yana cikin kansa?

Sabuwar dokar haraji ta fara aiki 1 ga Janairu 2026. Wanda ribarsa ta shekara ba ta wuce naira 800,000 ba, babu harajin samu a kansa. Amma da me zai kafa hujja? Wa'adin kai bayani ga hukumar haraji ta jiha 31 ga Maris ne, sa'ad da hankali ke kan albasar rani. Wanda ya je babu takarda, ƙiyasi za a yi masa. Mai ƙiyasi kuwa buhun da ya gani yake ƙirgawa, bai san wanda ya ruɓe ba.

Saboda haka kowace ranar kasuwa a rubuta saye da sayarwa, kuɗin mota, la'adar dillali, hasara da bashi. Wanda bai iya rubutu ba, almajiri ya rubuta masa, ko da ajami ne. Littafin nan kuma shi zai bayyana zakka idan shekara ta kewayo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya sa mu dace. Wassalamu.