Mai Sayar da Intanet, Cika Mudunka

Ya 'yan'uwa, ku sani samarinmu sun shiga wata sana'a: su saro intanet, su rarraba wa gidajen unguwa. Sana'a ce mai kyau, amma da sharaɗi.

Hajar daga nesa take. Igiyoyi ne a ƙarƙashin teku, kamar MainOne da ta iso Ikko a 2010. Manyan kamfanoni su jawo ta Arewa, ƙaramin ɗan kasuwa ya sara a hannunsu. Sai ya nemi lasisin hukumar NCC, ya kafa dogon ƙarfe, ya tanadi batura da sola saboda ɗaukewar wuta.

To, ga inda ake zamewa. Mutum ya sari abin da zai ishi gida 20, kwaɗayi ya sa ya ɗora 60. Da almuru kowa ya hau, abu ya riƙa jan ciki, alhali an karɓi kuɗi cif. Wannan tauye mudu ne, ko da ido bai ga hatsi ba.

Saboda haka, kada ka ƙara gida sai ka ƙara sari. Ranar da layi ya yanke, biya wa mai saye kwanansa.