Waiwaye: Kumfar Amale da Shirun Ɓeran Masar

Baƙon da ya fara cin karo da amale a lokacin barbara, ko a kasuwar dabbobi ta Agadas ko a filin Ingal ranar bikin lasar gishiri, ba ya rasa labarin kai wa gida. Zai tarar da raƙumi ya ware ƙafafun baya, kumfa ta rufe masa baki, yana cizon haƙora, wani baƙin ruwa mai wari yana tsattsafowa daga ƙeyarsa, yana fitsari yana kaɗa wutsiya yana fesa wa gadon bayansa. Can sai ya yi gurnani daga cikin maƙogwaro, wata jar tsoka ta kumburo ta gefen baki tana lilo, kamar mafitsarar da yaran mahauta suka hura. Na sha jin baƙi suna salati. Wani ya ce harshen ne ya zazzago, wani ya ce maciji ne, wani ya ce a kawo wuƙa kafin ya zama mushe. Mai raƙumin kuwa yana zaune yana dafa shayinsa. Iyakarsa ya duba dabaibayi, ya kori yara daga wurin, domin cizon amale a wannan hali yana karya ƙashi.

Tsokar nan fatar hanɗa ce, can cikin rufin baki, wadda namijin raƙumi kan cika da iska ya turo waje don taguwa ta gani, sauran maza kuma su ja da baya. In ya gama sai ya haɗiye abarsa. Kumfar, da ruwan ƙeyar, da rage cin abinci, duk na lokaci ne. Sukan zo in damina ta yi kyau dabba ta ƙoshi, ko da sanyin hunturu, su kuma wuce.

A Abzin ta da, wanda bai iya raba wannan hali da ciwo ba bai isa a miƙa masa akala ba. Dalili kuwa ayari. Kowace shekara wajen watan Oktoba raƙuma kan tashi daga gindin duwatsu su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, kusan kilomita 600 daga Agadas, inda babu ciyawa sai wadda aka ɗauro a dami. Su ɗauko kantun gishiri da dabino, su dawo, su gangara Damagaram da Katsina da Kano su sayo gero da tufafi. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya shigo Agadas a watan Oktoba na 1850, kuma ayarin gishirin Abzinawan Kel Owey ya bi ya gangara ƙasar Hausa. A irin wannan tafiya kuskure biyu ne ke jiran madugu. In ya ɗora wa raƙumi mai ciwo kaya yana zaton ramar barbara ce, to da kayan da raƙumin rairayi zai cinye su. In kuma ya karyar da lafiyayyen amale a kasuwa don ya ga ya rame, ya sayar da uban garkensa.

Wuyar abin ita ce dukansu biyu suna ramewa. Amale kan yi makonni yana tsakurar abinci har cikinsa ya ɗame, amma kansa a sama yake, idonsa a tsaye, faɗa yake nema. Raƙumin da sammore ya kama kuwa a hankali yake narkewa: zazzaɓi ya zo ya tafi, ido yana hawaye, cikin fatar idon ya yi fari, tozo ya zube, kullum shi ne a ƙarshen layi, taguwa kuma ta yi ɓari. Makiyaya sun daɗe da lura cewa ciwon yakan biyo bayan damina, in bobuwa ta yi yawa a bakin tafki. Sai a 1880 wani likitan dabbobi Bature, Griffith Evans, ya ga ƙwayar cutar da madubin likita a cikin jinin raƙuma da dawaki a Punjab, amma ido ya riga madubi gane ta.

Barbarar kanta tana jawo rauni, kuma shi ma makiyaya sun san shi. In amale biyu suka kama, wani kan fito da karyayyen muƙamuƙi, abinci yana zubo masa. Wani kuma haƙori ya tsage masa jar tsokar nan, ta kumbura ta ƙi komawa, ya miƙe wuya ya kasa haɗiyar ko da ruwa. Dokar tsofaffi gajera ce: abin da ya fito ya koma na barbara ne, wanda ya fito ya zauna ciwo ne. Kumfa kuma in ta bayyana a bakin taguwa, ko raƙumin da aka dandaƙe, tare da tangaɗi da cizon kai bayan kare ko dila ya shiga garke, to haukar kare ake tsoro, sai a nisanci yawunsa. Hatta ciki da ido ake gane shi. Kamar mako biyu bayan baye, taguwar da ta ɗauka takan ɗaga wutsiya ta lanƙwashe ta in namiji ya matso, daga nan sai a fara lissafin wata 13.

Farin 1973 da 1974, sannan na 1984, ya share garke da yawa ya turo masu su cikin gari. Manyan motoci suka karɓe rabon ayari mai tsoka, ko da yake har yau bai mutu ba. Jikokin madugai da yawa a Agadas aka haife su, kuma dabbar da suka sani ita ce ta tsakar gida: tantabara, zomo, ragon layya, nan da can kuma ɓeran Masar da ake shigowa da shi daga kudu. Wannan ɗan dabba asalinsa tsaunukan Andes ne, a ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado, inda aka shafe dubban shekaru ana kiwonsa don nama, kafin jiragen ruwan Turawa su watsa shi a duniya daga ƙarni na 16. Tambayar madugu tana nan daram a kansa, barbara ce ko ciwo, sai dai babu kakan da ya gaji amsarta.

Ɗan ƙanwata yana da ɓeran Masar guda biyu a akurki. Wata rana ya zo mini a guje.

"Kawu, namijin ba shi da lafiya. Jikinsa rawa yake, yana gurnani, ƙugunsa kamar ya goce. Macen kuma kuka take."

"Ya ci ganyen da ka ba shi?"

"Ya cinye, Kawu, har ya ƙwace nata."

"To koma ka ƙara musu, ɗana. Neman aure yake."

Haka namijin ɓeran Masar yake zawarci. Yakan yi gurnani ƙasa-ƙasa har jikinsa ya riƙa kaɗawa, ya dinga zagaya mace a hankali yana rangaji da ƙugu, yana shinshina ta, yana hawa. Macen takan karɓe shi ne ƴan sa'o'i kaɗan a kowane kwana 15 zuwa 17. Sauran kwanakin takan gudu, ta yi ƙara, ta harbe shi da ƙafa, ko ta fesa masa fitsari a fuska. Maza biyu ma suna hawan juna, mata ma haka, don a san babba. Bayan barbara akan tsinci wani farin abu mai ɗan tauri a ƙasan akurki, ko a ga ya bushe a gashin macen. Maniyyin namijin ne da ke daskarewa, ba mugunya ba ce. Ƙananansu kuma in sun ji daɗi sukan yi tsalle ba zato suna murɗa jiki, mai kallo ya ɗauka farfaɗiya ce. Inda ake shiga tsakani shi ne in haƙora suka fara kaɗawa da ƙarfi, gashin wuya ya tashi, aka cure wuri ɗaya har jini ya fito. Nan sai a raba su da katako ko tsumma, kada a sa hannu, a kuma duba kunne da ƙugu, domin cizon kan rufe ta sama ya tara ruwa ta ciki.

Ciwon gaske ba ya wannan hayaniya. Ɓeran Masar dabba ce da shaho da kyanwa ke farauta, saboda haka ɓoye rauninsa yake har sai ya kasa. Mai ciwo yakan koma lungu ya ƙudundune, gashi a hargitse, ido a lumshe, kashinsa ya ragu ko ya ƙanƙance. A nan ne dokar raƙumi take kisa in aka ɗauko ta ɗungurungum. Amale yana iya rage ci na makonni ya tashi garau. Ɓeran Masar barbara ba ta hana shi ci, kuma hanjinsa ba ya jure zama wayam. In ya wuni bai taɓa abinci ba, a nemi likitan dabbobi a ranar, kada a ce sai gobe.

Jini ma ba shi da uzuri. Macen ba ta haila, don haka duk jan da aka gani a bayanta, in ba haihuwa take ba, alamar tsakuwa ce a mafitsara ko ciwon mahaifa, musamman in tana gantsarewa tana ƙara lokacin fitsari. Fitsari mai fari-fari da ke bushewa ya bar gari kuwa ɗabi'arsu ce. Akwai ma inda halin barbarar shi ne alamar ciwon: macen da ta manyanta, ta koma hawan ƴan uwanta ba dare ba rana, gashin kwiɓinta biyu yana zubewa, galibi ƙullutu mai ruwa ne ya fito mata a ƙwan haihuwa. Tsallen murna shi ma yana da ɗan uwa mugu. In dabba tana susa har ta ji wa kanta ciwo, ta faɗi gefe tana shure-shure, to ƙwarin ƙazuwa ne masu haƙa cikin fata, kuma suna da magani.

Abu biyu sun fi shafar mu a Agadas. Na farko abinci. Yaro yakan ga ɓeransa yana jan ƙafar baya ko yana tsallen zomo, ya ce namiji ne ya danne shi ya karye. Sau da yawa rashin bitamin C ne, domin jikin wannan dabba ba ya haɗa shi da kansa, daidai da jikin mutum. A kanta ne ma likitocin Norway biyu, Axel Holst da Theodor Frølich, suka nuna a 1907 cewa abinci ne ke kawo ciwon nan mai kumbura gaɓoɓi da zubar da jinin dasashi, wanda ya daɗe yana kashe matuƙan jiragen ruwa. Dusa da gero kaɗai ba su isa ba. Ɗan tattasai, da tumatir, da ganyen salak, da ɓallin lemon Timiya sun wadatar, tare da busasshiyar ciyawa kullum, saboda haƙoransa ba sa daina tsiro sai tauna ke rage su. Albasar Tabelot kuwa, duk da sunan da ta yi, ba abincinsa ba ce, haka ganyen dankalin Turawa.

Na biyu zafi. Dabbar tsauni ce, in zafi ya haura digiri 30 ta shiga hatsari, ga shi daga Afrilu zuwa Yuni muna wuce 40. In aka ga ta baje a ƙasa, yawu yana zuba, numfashi sama-sama, kada a ce gajiyar guje-guje da namiji ce. A ɗauke akurkin daga ƙarƙashin kwano, a kai shi ɗakin ƙasa kusa da randa, a lulluɓa masa jiƙaƙƙen buhu.

Wanda ya ɗauki barbara ciwo, hannunsa kan tafi ga mai tallan magani a tire, kuma nan ne asarar take. Fenisilin da amfisilin da amoksisilin, waɗanda ke warkar da mutum da tunkiya, suna kashe ƙwayoyin da hanjin ɓeran Masar ke dogaro da su, sai zawo, sai mutuwa cikin ƴan kwanaki. Lafiyayyar dabba ce aka ga tana rangaji, aka fasa mata kafso a ruwa don tausayi. Wanda kuma ya ce ai barbara ce kawai, ya sa ido, shi ma yana da nasa. Macen tana iya ɗaukar ciki tun tana da wata ɗaya da ƴan kwanaki, don haka ake ware ƴaƴa maza da mako 3. Cikin kwana 59 zuwa 72 ne, kuma ƴan sa'o'i bayan ta haihu tana iya sake ɗauka in namiji yana nan, abin da ke tsotse ta. Wadda kuma ba ta yi haihuwar fari ba sai da ta haura wata 7, ƙashin ƙugunta kan yi tauri, naƙuda ta zo da gardama.

Abin da ya kamata mu gada daga mutanen ayari hanyar dubawa ce. Alamomin raƙumi na raƙumi ne, amma tambayoyin da madugu ke yi suna aiki a kan kowace dabba: lokacin abin ne? Yana zuwa ya wuce, ko ya zo ya zauna? Ci da sha da kashi suna nan yadda aka saba? Babu mai iya amsa ta ukun sai wanda ya san dabbar tun tana lafiya, kuma wannan sani da zama ake samun sa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To dabbar da nauyinta wajen kilo ɗaya ne, gashi kuma ya rufe ramarta, sai a taimaki idon da sikeli, a auna ta duk mako a rubuta. Uban da ya saya wa ɗansa ɓeran Masar ya ɗora masa amana, kuma shi za a fara tambaya. Ya koya wa yaron ya riƙa tsayawa kowace safiya har ya ga kowanne ya sa baki a ganye, ya kuma faɗa masa ƙarara cewa ranar da ɗaya ya ƙi ci, a ranar ake zuwa a gaya wa manya.