Littattafan Jagora da Koyon Tsara Na'urorin Rediyo

Duk wanda ya girma a ƙasar Hausa kafin yawaitar tashoshin FM ya saba jin mai gabatar da shiri yana sanar da cewa ana iya kama tasharsu a kan mita 19 ko 25 ko 31 a gajeren zango. Tun daga 1957 da Sashen Hausa na BBC ya soma watsa shirye-shirye, da kuma 1962 da aka buɗe gidan rediyon Kaduna, Bahaushe ya riƙi akwatin rediyo tamkar abokin zama, a gona da kasuwa da zaure. Daga 2001 kuma wayar salula ta shigo Nijeriya, wadda ita ma rediyo ce, domin da igiyar rediyo take aikawa take kuma karɓa. Sai dai duk da wannan daɗaɗɗen sabo, abin da aka fi ƙwarewa a kai a wannan ƙasa shi ne saurare da gyara. Masu iya zama su tsara na'urar tun daga tushe, su zaɓi kayan haɗinta, su auna, su tabbatar tana aiki, ba su da yawa. Ra'ayin da wannan maƙala take ɗauke da shi shi ne, ɗaya daga cikin hanyoyi mafi araha na cike wannan giɓi ita ce littafin jagora, wato littafin da aka rubuta domin a ajiye shi a kan teburin aiki, ana karantawa ana haɗawa ana gwadawa.

Kafin a yi nisa, ya kamata a san abin da ya sa wannan fanni ya fita daban da sauran fannonin lantarki. Igiyar rediyo tana tafiya ne da saurin haske, kimanin kilomita 300,000 a cikin daƙiƙa guda. Abin da mai sanarwa yake kira mita 31 shi ne tsawon igiya ɗaya, daga tudunta zuwa tudun wadda ke biye da ita. Yawan kaɗawar da igiya take yi a daƙiƙa kuwa da ma'aunin haz ake ƙidaya shi, kuma haz miliyan ɗaya shi ne megahaz ɗaya. Idan aka raba 300 da adadin megahaz, sai a sami tsawon igiyar a mita. Ke nan tashar FM da ke kusa da megahaz 100 tana da igiya mai tsawon mita 3, ta wayar salula mai megahaz 900 kuwa ba ta wuce santimita 33 ba. Wutar lantarkin da ake ja gidaje sau 50 kacal take kaɗawa a daƙiƙa, don haka tsawon igiyarta ya kai kilomita 6,000. A wurin irin wannan igiya, wayar da ke cikin ɗaki ba a bakin komai take ba. Amma da zarar tsawon waya ya kai kimanin kashi ɗaya cikin goma na tsawon igiyar da ke bin ta, to ta daina zama hanyar wucewa kawai, ta zama ɗaya daga cikin kayan haɗin, mai halinta na kanta.

Alal misali, a ɗauki siririyar waya mai kaurin rabin milimita da tsawon santimita ɗaya, irin ƙafar razista da yaron shago yake bari don ƙyuyar yankewa. A wutar gida, turjiyar da wannan guntuwar waya take yi ba ta isa a kula da ita ba. A megahaz 100 turjiyarta tana kai kimanin om 5, a megahaz 900 kuwa kusan om 40. Haka nan kafasita, idan kaɗawa ta wuce wani mizani, sai ta juye ta ɗauki halin koyil. Shi kansa lantarkin yakan ƙaurace wa cikin waya ya koma bin fatarta: a megahaz 100, zurfin da yake shiga cikin jan ƙarfe bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Wannan shi ya sa ɗalibi zai iya kwafe zane daidai-wa-daida, ya sayi kayan da aka ambata, ya like su da dalma, amma na'urar ta yi gum, ko ta dinga shewa ba wanda ya sa ta. Zanen bai yi ƙarya ba. Abin da ya rage shi ne, zane ba ya nuna tsawon ƙafa, ko tazarar da ke tsakanin koyil da koyil, ko inda ya dace a sauke wayar ƙasa.

A nan ne littafin jagora yake da rana. Manyan littattafan nazari, irin su Microwave Engineering na David Pozar da ya fara fitowa a 1990, suna ɗora ɗalibi a kan lissafin da James Clerk Maxwell ya shimfiɗa a 1865, su bi da shi daki-daki har ya fahimci dalilin kowane abu. Wannan ilimi ne mai daraja, kuma injiniyan da ba shi da shi gurgu ne. To amma ɗalibin da ya ci jarrabawa a kansa yana iya tsayawa gaban fanel da ayan a hannu ya rasa ta inda zai fara. Shi littafin jagora daga teburin aiki yake farawa. Littafin Chris Bowick mai suna RF Circuit Design, wanda aka fara bugawa a 1982 aka kuma sabunta shi bayan kimanin shekara 25, ya buɗe ne da bayanin yadda waya da razista da kafasita da koyil suke sauya hali idan kaɗawa ta yi yawa, kafin ya shiga tsara matata da na'urar ƙara ƙarfin sigina. Wato ya fara da abin da zai fara kayar da mai koyo. Wannan tsari na gabatar da darasi abin lura ne ga duk mai shirin zama malami, ko da nahawu zai koyar.

Babban darasin da irin waɗannan littattafai suka fi daɗewa a kansa shi ne daidaita turjiya. An saba tsara na'urorin aika saƙo da wayoyinsu da eriyarsu a kan om 50, wayar talabijin kuwa a kan om 75. Idan na'ura da eriya ba su dace ba, wani kaso na ƙarfin da aka tura sai ya dawo baya kamar amsa-kuwwa a cikin kogo. Saƙon ya raunana, kuma idan abin ya yi tsanani taransistan ƙarshe ya yi zafi ya ƙone. Lissafin gyara wannan matsala yana da sarƙaƙiya, amma a 1939 wani injiniya a ɗakin binciken kamfanin Bell na Amurka, Phillip Smith, ya wallafa wata taswira mai da'irori a cikin da'ira, wadda ta mayar da lissafin ya zama bin layi da fensir. Har yau na'urorin awo na zamani a kan wannan taswira suke nuna sakamakonsu. Littafin nazari yakan nuna yadda aka samo taswirar. Littafin jagora kuwa yakan ba ɗalibi matsala ta zahiri, ya ce ga eriya mai turjiya kaza, ga na'ura mai om 50, ya bi da shi har ya fitar da girman kafasita da yawan naɗin koyil. Bayan misali biyar ko shida hannu ya faɗa.

Tarihi ma yana goyon bayan wannan ra'ayi. Ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta Amurka, wato ARRL, wadda aka kafa a 1914, ta fitar da littafin jagorarta na farko a 1926, kuma ta ci gaba da sabunta shi har aka kai bugu na 100 a 2022. Ba don ɗaliban jami'a aka rubuta shi ba. An rubuta shi ne domin mutumin da yake da wata sana'ar da rana, da dare kuma ya zauna yana haɗa na'urarsa. Ita dai ƙungiyar ce ta wallafa Experimental Methods in RF Design a 2003, na Wes Hayward da Rick Campbell da Bob Larkin, wanda ya nace a kan cewa mai koyo ya haɗa sashe guda, ya auna shi, sannan ya wuce gaba, har ma ya koyar da yadda mutum zai ƙera kayan awonsa da kansa. Akwai wata dabara da Hayward ya taimaka wajen yaɗawa, wadda masu ita da kansu suke kira mummunan haɗi: a sami fallen fanel mai rufin jan ƙarfe, a like kayan a kansa kai tsaye da gajerun ƙafafu, ba tare da an zana hanyoyi ba. Ba ta da kyan gani, amma tana aiki sosai, domin faffaɗan jan ƙarfen ya zama ƙasa ga na'urar baki ɗaya. Ga makarantar da ba ta da injin buga fanel, wannan dabara kaɗai ta biya kuɗin littafin.

Akwai masu suka, kuma sukarsu ba ta banza ba ce. Na farko suna cewa littafin jagora yana haifar da haddar aku, mutum ya iya haɗa abin da aka zana masa amma ya kasa ƙirƙiro nasa. Gaskiya ne akwai littattafan da ba su wuce tarin zane-zane ba, ba dalili ba bayani, kuma irinsu ba su cancanci sunan jagora ba. Ma'aunin da malami zai riƙe mai sauƙi ne: ya buɗe littafin ya duba ko yana faɗar abin da zai faru idan aka canza wani abu, da abin da za a auna, da adadin da ya kamata a gani. Littafin da ya bayyana cewa eriyar sanda tana son rubu'in tsawon igiya ya ba ɗalibi abin da zai lissafa da kansa cewa tashar megahaz 100 tana buƙatar santimita 75, wanda shi ne kimanin tsawon eriyar da ake zarowa a akwatin rediyo. Wanda ya ce kawai a yanki waya santimita 75, tasha ɗaya ya koyar.

Suka ta biyu ita ce littafi yana tsufa. Wannan ma haka ne. Yawancin kayan haɗin da tsofaffin littattafai suke ambata masu dogayen ƙafafu ne, alhali fanel ɗin wayar salula cike yake da ƙananan kaya kamar ƙwayar gero, kuma wasu taransistocin an daina ƙera su. Bugu da ƙari, yanzu akwai manhajojin kwamfuta na kyauta da suke kwaikwayon aikin na'ura kafin a haɗa ta, ga bidiyoyin koyarwa birjik a YouTube, ga kuma ƙaramar na'urar awo mai suna NanoVNA da ta yaɗu daga 2019, wadda ta kawo awon da a da sai babban ɗakin gwaji zuwa tafin hannu. Sai dai lambar taransista ce take tsufa, halin igiya bai canza ba tun ranar da Heinrich Hertz ya tabbatar da samuwarta a 1887. Ita kuma manhaja abin da aka faɗa mata take lissafawa. Idan ba a gaya mata cewa waya tana da turjiya ba, za ta ba da amsa mai daɗi wadda teburin aiki zai ƙaryata. Bidiyo kuwa yana nuna yadda ake riƙe ayan fiye da kowane shafi, amma ba shi da jeri, ɗalibi yakan tsinci darasi na goma kafin na biyu, kuma sai da data da caji. Littafi ba ya jiran a kawo wuta.

Matsalar da ta fi waɗannan girma ita ce ta harshe, kuma ita ce ta shafi ɗalibin Hausa kai tsaye. Duk littattafan da aka ambata da Ingilishi suke. Matasan da suka cika shagunan gyara, irin na kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, suna da hannu da ido da haƙurin da fannin yake buƙata, kuma da Hausa maigidansu yake koya musu. Abin da koyon shago ba ya cika bayarwa shi ne dalili: yaro ya san wannan ƙwayar ce ake canzawa idan sabis ya ɗauke, bai san aikin da take yi ba. Littafin jagora da Hausa shi zai haɗa hannun da dalilin. Ba sabon abu ba ne a rubuta kimiyya da wannan harshe, domin Rupert East da Abubakar Imam sun yi haka a Ikon Allah, kuma Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya nuna yadda masana suke zama su daidaita kalmomin fanni guda.

Wanda zai ɗauki wannan aiki ya kiyaye abu biyu. Kada ya zauna a ofis ya ƙago wa kafasita da koyil da eriya sababbin sunaye, alhali masu sana'a sun riga sun hausantar da su suna amfani da su kullum. Ƙirƙira ta dace ne a inda babu kalma, kamar daidaita turjiya ko bin fatar waya. Sannan kada ya yi aikin shi kaɗai. A kwalejojin ilimi na fasaha irin na Bichi da Gombe da Potiskum akwai malaman lantarki da ɗakunan aiki, kuma kowane zane da za a sa a littafin ya wajaba a haɗa shi a gwada da kayan da ake samu a kasuwannin ƙasar kafin a buga. Ya kyautu a fara da na'urorin karɓa, domin watsa sigina a iska yana buƙatar lasisin hukuma, kuma babin farko ya tsaya a kan akwatin matsakaicin zango mai koyil ɗaya da kafasita ɗaya da dayod ɗaya, wanda ba ya buƙatar ko batir.